Shekarar da Aka Kai Ummi Yaye Tsafe

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin aurena, na ba ku na rasuwar mahaifinku, har rabon gonar Furfuri na rubuta, amma duk sanda na iso nan sai in rufe littafin in ce idona ya gaji. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne abin da Balkisu ta yi a bikin da muka je Gusau bayan ƙaramar salla. Ina zaune ina kallo Hajiya Kulu ta Tsafe, surukar ƙaninku Aminu, ta shigo tana dogara sanda. Balkisu ta gaishe ta a tsaye, a daƙile, sannan ta juya ta ce wa ƙawarta ga tsohuwar da ta kusa kashe mana yarinya da maganin hawan jininta, ta kuma ƙwace ta daga hannun Inna. Na ji, Hajiya Kulu ma ta ji. Ba ta tanka ba, ni ma ban tanka ba. To ku saurara, ke Balkisu da ke Saratu da duk wanda kuka gaya wa: maganin da Ummi ɗiyar Aminu ta haɗiya nawa ne, kuma ba wanda ya ƙwace mini ita. Shekara bakwai kuna ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba, ni kuma ina jin daɗin hakan a raina, Allah ya yafe mini.

Ciwon ya fara mini ne da kasala. Ni da nake soya gyaɗa kwano goma, in kai niƙa, in dawo in matse mai in toya ƙuli kafin la'asar, sai ga ni ina neman wurin zama don kawai na ɗebo ruwa a randa. Gefen cikina na hagu ya yi tauri, loma uku ta ƙosar da ni, zani kuma kullum sai na ƙara masa ɗauri. A Bungudu kowa likita ne. Wannan ta ce shawara ce, waccan ta ce saifa, na sha jiƙe-jiƙe har bakina ya daina gane ɗaci. Aminu, autana, da ke aiki a Gusau, shi ya zo ya sa ni a mota ina faɗa ina komai ya kai ni babban asibiti. Suka ɗebi jini, suka sake ɗiba, har ƙashin ƙuguna suka huda. Bayan mako uku likita ya ce sankarar jini ce, amma irin mai tafiya sannu, wadda in Allah ya yarda ana danne ta shekara da shekaru da ƙwaya ɗaya a kullum. Aminu ya yi ta share ido. Ni ban yi kuka ba, na dai tambaya ko zan ci gaba da azumin Litinin da Alhamis, aka ce in dakata tukuna.

Wadda ta miƙo mana maganin wata yarinya ce siririya mai tabarau, ko sa'ar Saratu ba ta kai ba, amma ta zaunar da ni a benci ta sa ni gaba kamar ita ta haife ni.

"Inna, wannan ba irin maganin ciwon kai ba ne. Ƙwaya ɗaya kullum, a lokaci ɗaya, kina cikin cin abinci, da babban kofi na ruwa. Ki haɗiye ta ɗungum, kada ki tauna, kada a daka miki a kunu. In kin manta har wata rana ta shigo, kada ki haɗa biyu. Ki wanke hannu bayan kin taɓa ta. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa miki ita ko da wasa. Jiƙe-jiƙen nan ki ajiye su sai kin tambaye mu. In kin ji zazzaɓi, ko kin ga jini a hanci ko a dasashi, ki taho ran nan, kada ki jira ranar awo."

Na ce, "To, na ji. Saura mi?"

"Saura babba. Akwai yara a gidan?"

Na yi dariya na ce mata gidana ai kasuwar jikoki ce.

"To kada ƙwaya ko ɗaya ta zauna a wajen kwalbarta. Murfin kwalbar yaro ba ya iya buɗe shi, kuma sunan maganin na jikinta, in wani abu ya faru shi za mu fara tambaya. Ki kulle ta a sama. Ke yana yi miki magani, yaro kuwa guba ce a gare shi."

Aminu ya sayo ɗan akwatin ƙarfe da kwaɗo, ya kafa katako a bango sama da ƙofar ɗakina ya ɗora, makullin na rataya a wuya. Wata takwas ban saɓa ba ko sau ɗaya. In karya da kunu da ƙosai, in taka kujera in sauko da akwati, in zazzago ɗaya a murfin kwalbar in jefa a baki, in kora da ruwa, in wanke hannu da sabulu. Idona yakan kumbura da safe, ƙafata takan ɗaure, amma ciki ya sace, jini ya fara gyaruwa, duk wata in na je awo likita yana murmushi. Har ƙuli na koma toyawa kaɗan-kaɗan. Na faɗa muku wannan ne don kada wani ya tashi kare ni ya ce ai Inna ba ta sani ba. Na sani sarai.

Kun san al'adar gidanmu. Yaro in ya isa yaye ɗakina ake kawo shi. Jika goma sha ɗaya na yaye da hannuna, 'ya'yanku na ciki. Ba ni da wani asiri, kunun gyaɗa ne, da fura da nonon da matan rugga ke kawo mini, da rubutun Malam, da bayana. Kwana uku yaro na kuka, na huɗu ya haƙura, ran arba'in in mayar wa uwarsa shi ya yi kumatu. Mata har daga wasu unguwanni suke zuwa tambayata yadda nake yi. Ba ni da gidan bene, a lokacin ko Makka ban je ba, abin taƙamata ke nan a duniya. Duk cikin goma sha ɗayan nan kuwa ba wadda aka sa wa sunana, kuma kada ku ce ban lura ba. Sai Aminu da matarsa Hauwa'u suka sami ɗiyar fari, aka raɗa mata sunana, Ramatu, ake kiran ta Ummi. Ranar sunan nan har rawa na taka, ni da ciwon gwiwa. Daga baya da ciwo ya same ni, duk zuwan da zan yi awon jini sai na biya gidansu da dabino ko alawar madara ƙulle a haɓar mayafina. Tun tana rarrafe ta gane ƙullin nan. Da na zauna sai ta taho ta kama haɓar tana ja, in ƙyale ta ta yi ta fama, har ta koyi kwancewa da haƙoranta huɗu. Ni na koya mata, ina yi ina tafa mata.

Labarin bai zo mini ta bakin ɗana ba, abin da ya fara ƙona ni ke nan. Wata 'yar uwata da ke aure a Kucheri ce ta zo mana gaisuwar mutuwa, muna cikin hira ta ce ai Hajiya Kulu ba ta zama kwanan nan, ta sayi akuya mai nono, ta sa an ɗinka 'yan riguna, wai za a kawo mata jikarta yaye. Na ce wace jikar? Ta ce ta Gusau mana, mai sunanki. Na tofar da goron da ke bakina.

Bari in gaya muku wace ce Hajiya Kulu a idona na lokacin. Fara ce, mai jiki, mai sanyin murya, ta je Makka sau biyu, in ta yi dariya haƙorin nan na zinariya sai ya haska. Gidanta na siminti ne har tsakar gida. Tun ranar da muka haɗa zuri'a take ce mini Hajiya, alhali ta san ban je ba, ni kuma kullum ina jin kamar gori take yi mini. Ba ta taɓa yi mini komai ba, ko kallon banza. Da ta taɓa yi da na sami abin riƙewa. Ranar nan na wuni ina ganin ta a raina, ta goya Ummi tana zaga tsakar gidan simintin nan, maƙwabta na leƙowa suna cewa kai, Hajiya, kin iya riƙon yaro. Kishi ne, ba wani suna da zan ba shi. Mahaifinku bai taɓa yi mini abin da zan ji irinsa ba, sai da na tsufa na san yadda yake cin mutum. Na ɗauki waya na kira Aminu.

"Auta, mi nika ji? Wai Tsafe za a kai Ummi?"

Ya ce, "Inna, da ma ina son in zo in same ki. Jikinki muka duba. Yaye goyo ne da wahala, ga kuma maganin nan a ɗakinki, Ummi kuwa ba abin da hannunta ke bari."

"Maganin da ka kulle da hannunka? Goma sha ɗaya na yaye, wane ne ya mutu?"

"Ba a ce haka ba, Inna."

"An ce mana! Kun zauna kai da matarka da uwar matarka kun gama haƙa mani kabari, saura ku kira liman."

Na kashe wayar yana magana. Daga baya na ji an sa ranar Juma'a mai zuwa, Hajiya Kulu za ta riga ta zo Gusau ta yi kwana uku don yarinya ta saba da ita, sannan su wuce Tsafe tare. Na ce to ni ma ina da ƙafa. Ranar Laraba da safe na sha maganina, na yi wanka, na ciro atamfar da nake ajiya, na sa kwalli. Sai na tsaya da kwalbar a hannu. Fara ce, da takardar asibiti manne a jiki da jan rubutu, kowa ya gani ya san ta mai babban ciwo ce. Na hango kaina kullum safe ina fito da ita a gaban matar nan, ina wanke hannu, tana kallona da idon tausayi tana cewa sannu Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Na je ne in nuna ina da ƙarfin riƙon yaro, ba in je in yi jinya a gabanta ba. Sai na zazzago biyar, na ƙulle su a haɓar mayafina ɗaya, dabino a ɗaya haɓar, na mayar da kwalbar akwati na kulle. Muryar yarinyar nan mai tabarau ta faɗo mini, ba zan ce ba ta faɗo ba. Na ce a raina, mayafin nan ai a jikina yake wuni, wa zai taɓa shi?

Na tarar da Hajiya Kulu a falon Aminu, Ummi na kan cinyarta tana taɓa mata haƙorin Makka, an sa mata wani takalmi mai kuka in ta taka. Muka gaisa, lahiya lau, lahiya lau, har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a tabarma na gyara mayafi, na ɗan kaɗa haɓar dabinon kamar ban san ina yi ba. Ummi ta gani. Ta zame daga cinyar Hajiya Kulu, takalmi na ƙiƙ-ƙiƙ, ta taho ta faɗa jikina ta kama ƙullin da baki. Ku zo ku ga yadda na buɗe kafaɗa.

Hajiya Kulu ta yi dariya ta ce, "Kai, Hajiya, wagga ɗiya taki ce, mu 'yan rakiya ne."

Da Aminu ya dawo aiki bayan la'asar ya gan ni, fuskarsa ta nuna ya san abin da ya kawo ni. Na shirya masa magana tun daga tashar Bungudu, amma ban samu na faɗi ko rabi ba. Ina farawa Hajiya Kulu ta tare.

"Aminu, ashe ba a shawarci Hajiya ba? Ai ba a yi daidai ba. Ni an ce mani jikinta ne. In ta ji ƙarhi, ita ta fi ni iyawa, kuma mai sunanta ce. Ku kai mata."

Aminu ya dubi Hauwa'u, Hauwa'u ta sunkuyar da kai. Ya ce to, in dai akwatin nan zai zauna a kulle. Na ce da ma a buɗe ka taɓa ganin shi? Kun ga na samu abin da na zo nema. Amma ku ji halin mutum, sai na ji haushin ta ya ƙaru. Na so in ƙwata ne, sai ta miƙo mini kamar sadaka, ta zama ita ce mai kirki ni ce mai rigima. Da zan shiga ɗaki Aminu ya biyo ni ya rage murya.

"Inna, kin zo da maganinki?"

"Na zo da shi."

"Yana ina?"

"Inda hannu ba ya kai."

Ranar Alhamis da safe na ɗauki kofin kununa na zaga bayan ɗaki, na kwance haɓar na sha ɗaya a ɓoye, saura huɗu, na mayar na ƙulle. Da aka kira azahar Hajiya Kulu ta riga ni alwala ta ta da salla a falo. Hauwa'u na madafa. Ummi na zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano. Na cire mayafin don kada ya jiƙe, na ninke na ajiye a kan hannun kujera, na fita wurin famfo. Alwala minti nawa ce? Amma maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga muka gaisa, sai na tsaya ina ba ta labari, gobe zan tafi da takwarata Bungudu, jika goma sha ɗaya na yaye, wannan ta sha biyu, wasu kuwa sun sayi akuya a banza. Ina cikin wannan baƙar maganar na ji muryar da ban taɓa jin ta ɗaga ba.

"Hauwa'u! Hauwa'u, taho!"

Hajiya Kulu ta katse sallarta. Na shigo na same ta a durƙushe, ta matse Ummi a cinya, ta sa yatsa a bakinta tana laluba, yarinya na tsala kuka tana tofar da yawu. Mayafina na ƙasa, haɓa biyun duk a kwance. Ta zaro ƙwaya ɗaya jiƙaƙƙiya, bayanta ya fara narkewa. Wasu biyu na kan tabarma kusa da dabino. Ta ɗago ta dube ni.

"Hajiya, maganin mi ne wanga?"

Nan ne wurin da nake rufe littafin. Jikata na kuka da ɗacin maganina a bakinta, ni kuma abin da ya fara zo mini shi ne in na faɗa, gobe ba ni ba tafiya da ita. Na buɗe baki na ce:

"Na ciwon kai ne. A ba ta manja ta amayar, ba komai."

Hauwa'u ta juya za ta ɗauko manja. Hajiya Kulu ba ta ɗauke ido daga kaina ba.

"Nawa ne a ciki?"

"Huɗu."

Ta buɗe tafin hannunta, ɗaya. Ta nuna tabarma, biyu. Muka ɗaga tabarmar, muka kakkaɓe mayafin, muka leƙa ƙarƙashin kujera. Babu ta huɗun. Hauwa'u ta dawo da kwalbar manja, ta sunkuya za ta tsince biyun nan da hannu, ita da take shayarwa. Ban san sanda na daka mata tsawa ba.

"Kada ki taɓa! Na sankara ne! Aje manjan nan, ɗauko ta mu tahi asibiti!"

Ban manta kallon da Hauwa'u ta yi mini ba. Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta. Ta fizgi ɗiyarta ta yi waje ko takalmi babu. Hajiya Kulu ta yagi takarda ta kwashe ƙwayoyin uku da ita, ta wanke hannunta, ta wanke bakin mayafin da yarinya ta tsotsa, ta kama hannuna muka tari adaidaita sahu.

A asibiti tambayar farko ita ce wadda aka gaya mini za a yi. Mene ne sunan maganin, kuma mai ƙarfin nawa ne? Wata takwas ina sha ban taɓa riƙe sunan ba, na Turanci ne mai tsawo, kullum kwalba ce ke riƙe mini. Kwalba kuwa tana Bungudu a cikin akwati, makulli na wuyana. Likitan yara ya juya ƙwayoyin a takarda ya ce ba zai yi aiki da zato ba. Aka kira Aminu a waya, aka tura a nemo fayil ɗina a wani ɓangaren. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san ina tsaye jikin bango ina jin kukan Ummi yana raguwa, ina cewa ya Allah ka ɗauke ni ka bar ta. Da aka gano sunan suka ba ta wani baƙin ruwa kamar an dama gawayi, suka ɗebi jininta, suka sa mata ƙarin ruwa. Wata nas ta ce Allah ya taimake ku da ba ku ɗura mata manja ba, da ya sarƙe ta ya bi ta huhu da abin ya zama biyu. Hajiya Kulu ta san bakin da ya ce a ba da manja. Ta dubi ƙasa kawai.

Kwana uku muka yi. Ummi ta yi amai, ta yi gudawa, ta yi laushi, a rana ta uku ta tashi zaune ta nemi nono. Aminu bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya je Bungudu ya ɗauko kwalbar, yarinyar nan mai tabarau ta karɓi ukun da suka ɓaci ta ce su za su zubar, ta kuma ce kada in kuskura in daina sha don abin da ya faru. Ni kuwa na riga na ƙudura ba zan ƙara kai shi bakina ba. Da safe ina zaune a barandar asibiti sai ga Hajiya Kulu da kwanon kunu da babban kofi na ruwa ta ajiye a gabana.

"Hajiya, lokacin maganinki ya yi."

Na ce ba na sha.

"In kin bari kin kwanta, Aminu zai yi jinya biyu. Sha."

Na sha. Ina sha ina jin haushin a hannunta na karɓa. 'Yan dubiya da suka yi ta zuwa suna tambaya, ita ke amsa musu, tsautsayi ne, maganin tsofaffi ta samu. Sun san tana da hawan jini, ledar magungunanta na gefenta, sai kowa ya ƙarasa da kansa. Ke Balkisu kin kira ni kin ce, Inna, an ce maganin Hajiyar Tsafe ne? Kin tuna amsar da na ba ki? Na ce Allah dai ya kiyaye gaba. Aminu da Hauwa'u suka rufa mini asiri, ni kuma na kwanta a ciki.

Aka ɗage yayen wata guda, ana kai Ummi awon jini duk mako har likita ya ce ta fita. Sannan Aminu ya zo Bungudu ya zauna a bakin ƙofata yana wasa da makullin mota.

"Inna, maganar yaye. Hajiya ta ce maganarta na nan. In kina so, ranar Juma'a in kawo miki ita."

Ina so mana. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so in ce kawo ta ba. Akwati na kulle, na kuma san har in mutu ƙwaya ba za ta sake kwana a mayafina ba. Amma ba akwatin nake tsoro ba. Na ga abin da bakina ya faɗa yarinya na kuka a gabana, kuma na san abin da ya sa ya faɗa bai fita daga raina ba, don ko a lokacin da Aminu ke magana ina jin zafin wai sai da izinin Hajiya za a ba ni jikata. Na tambaye shi Hauwa'u fa, me ta ce? Ya ce ta ce duk yadda na yanke. Na san ma'anar wannan, kwana arba'in za ta yi ba ta runtsa ba.

Na ce, "Ku kai ta Tsafe."

Na soya gyaɗa kwano biyu na niƙa na aika da ita, na ce a gaya wa Hajiya kada ta cika tsamiya a kunun, Ummi ba ta son tsami. Kwana arba'in ya zama wata huɗu, don Hauwa'u ta samu ciki mai laulayi aka ce a bar ta can tukuna. Da na kasa daurewa na shiga mota na tafi Tsafe, karo na farko da na taka gidan ba biki ba mutuwa. Na same su a tsakar gida, Ummi ta yi kumatu, ta yi tsawo, tana bin akuya da kara. Ko ni ban taɓa mayar da yaro da ƙiba irin wannan ba, na duba ta sama da ƙasa ina neman abin kushewa ban samu ba. Hajiya Kulu ta shimfiɗa mini darduma, ta kamo hannun yarinyar ta kawo ta gabana.

"Ummi, ga mai sunanki ta zo. Je ki gaishe ta."

Na miƙa hannu biyu. Ba ni da komai a mayafi, hannun ne kawai. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi hannun, sai ta ja da baya ta cusa fuska a zanin Hajiya Kulu ta ɗaga mata hannuwa ta ce mata:

"Inna, ɗauke ni."

Hajiya Kulu ta dube ni kamar mai neman gafara, sannan ta sunkuya ta ɗauke ta. Ni na sauke hannuna na tambaye ta ya ruwa ya yi musu bana.